Shehu Salihu Alfullani, Yaron da Ya Bar Gida Yana Ɗan Shekara 12

 

Ya ku malamanmu da iyayenmu da 'yan'uwana ɗalibai, a littafinmu na bana na zaɓi in kawo tarihin wani malami wanda sunansa yake cikin ijazozin malaman hadisi tun daga Madina har ƙasar Indiya, amma mu da ake kira Fallata a ƙasar nan ba kasafai muke ambatonsa ba. Shi ne Shehu Salihu ɗan Muhammadu ɗan Nuhu Alfullani Al'umari. Kalmar Alfullani da ke cikin sunansa da kalmar Fallata da ake kiranmu da ita tushensu ɗaya ne. Al'umari kuwa, saboda zuriyarsu suna danganta kansu ga Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya yarda da shi.

An haife shi a shekara ta 1166 bayan Hijira, wajen 1753 ke nan a lissafin Miladiyya, a wani gari da ake kira Nusi a ƙasar Futa Jallo. Futa Jallo tana cikin ƙasar Gini ta yau, can kusa da teku ta yamma. Ƙasa ce ta duwatsu da ruwan sama da ciyawa, daga cikin duwatsunta ne kogin Gambiya da kogin Sanagal suke ɓuɓɓugowa. Kuma ba ƙasar jahilci ba ce a lokacin. Tun a shekarun 1720 malaman Fulani suka yi jihadi a can ƙarƙashin Karamoko Alfa, suka kafa daular Musulunci mai hedikwata a Timbo, kusan shekara tamanin kafin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ke nan Salihu ya buɗe ido ne cikin allo da tawada. Shi da Shehu Usmanu kuma tsara ne, shekara biyu kawai ya ba Shehu.

A shekara ta 1178, yana ɗan shekara 12 ko kusa da haka, sai ya bar gida don neman ilimi. To a nan nake so mu ɗan dakata. Ku dubi ƙannenmu 'yan shekara 12 da ke azuzuwan ƙasa, waɗanda in an aike su kasuwa sai uwa ta tsaya a bakin ƙofa har su dawo. Mai irin wannan shekarun ne ya sauka daga duwatsun Futa ya nufi arewa, zuwa ƙasar Shinƙiɗi, wato Muritaniya ta yau. Ya bar ƙasar da ake jin Fulatanci ya shiga ƙasar da ake jin Larabcin Hassaniyya. Ya bar ƙasar ƙorama da inuwa ya shiga ƙasar rairayi. Babu waya, babu wasiƙar da za ta iso cikin mako, babu hanyar da za a turo masa kuɗi in guzuri ya ƙare. A can ya zauna kusan shekara guda wajen wani malami da ake kira Khawaja Asshinƙiɗi.

Makarantun ƙasar Shinƙiɗi ana ce musu mahdara, kuma yana da kyau mu san yadda suke don mu gane irin zaman da baƙon ɗalibi yake yi a cikinsu. Mahdara ba gini ba ce. Malami ne da tantinsa da dabbobinsa, inda ya sauka nan ce makaranta, in ciyawa ta ƙare aka tashi, makaranta ta tashi tare da shi. Ɗalibai su suke kafa wa kansu bukka a gefen zango. Wanda iyayensa suke da hali yakan zo da saniyar tatsa ko taguwa, sai a haɗa nonon a raba da wanda bai zo da komai ba. Su suke ɗebo ruwa, su yo itace, su wanke tufafinsu, da dare su hura wuta su yi tilawa a haskenta. Malami ba ya yanka kuɗin karatu. Kowane ɗalibi da littafin da yake karantawa, ya rubuta darasin yau a allo, malami ya fassara masa ya yi masa sharhi, ya koma gefe ya yi ta maimaitawa har ya zauna, sa'an nan ya wanke ya rubuta na gaba. Ba a son ɗalibi ya haɗa littafi biyu a lokaci ɗaya, sai ya sauke ɗaya ya ɗauki wani. Littattafan kuwa su ne dai namu: Ahalari, Risala, Muhtasar na Halilu, Alfiyyar Ibnu Malik.

Mu nan wannan zaman ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya taɓa zuwa khalwar Shehu Al'ubaid Wad Badur a Ummu Dubban ya ga hiran sun kewaye wutar tugaba da allunansu, wasunsu daga Darfur, wasu daga Chadi, wasu daga inda ya fi nan nisa. Kuma duk wanda yake zama a tashar motoci ta Suk al-Shabi ya sha ganin yaro ya sauko daga bas da allo da ɗan ƙunshin kaya, yana tambayar motar da za ta kai shi wajen wani shehi. Wasunmu a wannan madrasa ma haka suka zo, iyayensu suna Gadarif ko Mai Wurno ko Najeriya ko Nijar. Su ne suka fi kowa sanin yadda daren farko yake a garin da ba ka da kowa.

Daga ƙasar Shinƙiɗi sai Salihu ya yi gabas zuwa Bagana, wajen iyakar Mali da Muritaniya ta yau. A nan ya sami malamin da ya gina shi, wani dattijo Bafillace mai suna Shehu Muhammadu ɗan Sinna. Ya lizimce shi shekara shida cur.

Ni a ganina wannan shekara shidan ita ce zuciyar tarihinsa gaba ɗaya. In mutum ya ji jerin garuruwan da Salihu ya shiga, sai ya ɗauka yaro ne mai ƙafar yawo, yau nan gobe can. Amma a yi lissafi. Daga fitarsa gida a 1178 zuwa isarsa Madina a 1187 shekara tara ne da wani abu, kuma shida daga ciki a gaban mutum ɗaya ya yi su. Ya zo wa ɗan Sinna yana yaro ɗan wajen shekara 13, ya bar shi yana saurayi. Wato duk shekarun da suka fi haɗari ga yaro, shekarun balaga da ƙuruciya ke ɗiban mutum, ya yi su ne a wuri ɗaya, ƙarƙashin ido ɗaya. Iyayensa suna nesa, gaskiya ne, amma akwai babban da ya san inda ya kwana, ya san in ya yi sallar asuba, ya san inda karatunsa ya tsaya jiya. Mulazama da malamai suke faɗi ke nan: ka ci tare da malami, ka yi masa hidima, ka ga yadda yake fushi da yadda yake haƙuri, ka ji amsar da yake ba mai tambaya ko da ba darasinka ba ne. Waɗanda suka rubuta tarihin Salihu sun ce a hannun wannan dattijon ya zama abin da ya zama.

Shi ya sa nake jin tsoro in na ga yaro ya zo neman karatu, wata uku yana wannan khalwa, wata biyu yana waccan, daga baya a gan shi yana tura baro a kasuwa ko yana kwana a tasha, in an tambaye shi wane ne malaminsa ya rasa sunan da zai kama. Aiki a kasuwa ba abin kunya ba ne, da yawanmu da shi muke sayen littafi da sabulu. Abin tsoron shi ne a ce babu wani babba ko ɗaya da zai lura in yaron nan ya kwana uku bai zo ba. Iyaye kuma su yi mini afuwa, ɗanku ne yake magana: sa yaro a mota da albarka bai isa ba, sai an san hannun wa zai faɗa.

Bayan shekara shida sai Salihu ya wuce Tambutu, ya yi shekara guda cikakkiya wajen Shehu Muhammadu Azzain. Tambutu ta lokacin ta riga ta sauka daga ɗaukakarta ta da. Tun a 1591 rundunar Maroko ta ci daular Songhai, aka kwashi manyan malaman garin zuwa Marrakish, cikinsu har da Ahmadu Baba. Amma masallacin Sankore yana nan, gidajen malamai da littattafansu na rubutun hannu suna nan, kuma har a lokacin nan ce tashar ayarin da ke ƙetare hamada.

Ƙetare hamadar kuwa ba wasa ba ne. Daga Tambutu zuwa kwarin Dar'a a kudancin Maroko tafiyar kwana hamsin ce da ɗoriya a kan raƙumi, hanyar fataken gishirin Taudeni, inda ake kwanaki tsakanin rijiya da rijiya, ran mutum yana rataye a salkar ruwansa da sanin madugu. Salihu ya ƙetare yana saurayi ɗan wajen shekara ashirin. Ya sauka a Zawiyar Nasiriyya da ke Tamgurut, ya yi shekara. Wannan zawiya ta yi suna tun zamanin Shehu Muhammadu ɗan Nasir, wanda ya rasu a 1085 bayan Hijira, kuma an san ta da abu uku: ciyar da baƙo da ɗalibi, riƙo da sunna, da tarin littattafai. Har yau ɗakin littattafanta yana nan da dubban rubutun hannu. Ku yi tunanin ɗalibin da ya saba kwafar darasi a allo, yau ga shi a gaban taskar littattafai, kuma an ɗauke masa tunanin abin da zai ci.

Daga nan zamansa ya riƙa gajarta. Wata shida a Marrakish, a zamanin Sarki Sidi Muhammadu ɗan Abdullahi, sarkin da aka sani da son ilimin hadisi. Sai Tunis, garin masallacin Zaituna, inda ya ɗauki karatu wajen malamanta irin su Algaryani da Alkawwashi. Sai Masar, wata uku kacal. Kun ga yadda abin yake: yana yaro ya zauna shekara shida, da ya girma wata uku ta ishe shi. Wanda ya riga ya haddace asali, in ya zo gaban babban malami ba daga farko zai faro ba. Zai karanta masa, ya tambayi abin da ya shige masa duhu, ya karɓi ijaza, ya yi gaba.

Wata ukun nan na Masar akwai abin da ya shafe mu a ciki. Malamin da ya lizimta a can shi ne Shehu Aliyu Assa'idi Al'adawi, babban malamin Malikiyya a Azhar, malamin Shehu Dardir. Wannan Adawin shi ne dai mai Hashiyar nan da ke kan sharhin Risala, wadda malamanmu suke buɗewa in mas'ala ta rikice mana a aji. Ya rasu a 1189, wato Salihu ya riske shi ne a ƙarshen rayuwarsa. Kuma ba Salihu ne mutumin ƙasashenmu na farko da ya taka Alƙahira don ilimi ba. Kafin a haife shi, Malam Muhammadu Alkatsinawi, masanin lissafi da taurari, ya zauna a can har ya rasu a 1154 a gidan Shehu Hasan Aljabarti. Azhar ma tana da riwaƙai, wato masaukan ɗalibai da aka raba bisa ga ƙasashe, inda baƙo yake samun wurin kwana da rabon gurasa daga wakafi. Mutanen da suka gabata sun san ɗalibi baƙo yana da ciki, sun kuwa yi masa tanadi.

A shekara ta 1187 ya isa Madina, yana da shekara 21. A nan ya ajiye sandar tafiya. In ban da zuwa Makka da yake yi, bai sake barin garin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba. Ya ci gaba da karatu wajen malaman hadisi na Madina, musamman Shehu Muhammadu Sa'idu Safar, almajirin Shehu Muhammadu Hayat Assindi. Daga baya shi ma ya zauna ya karantar, mahajjata daga ƙasashe suna zuwa suna ɗaukar hadisi da ijaza a wurinsa.

Littafinsa da ya fi shahara shi ne Iƙazu Himami Ulil Absar. Abin da yake kira a kai shi ne, malamin da hadisi ingantacce ya bayyana gare shi kada ya ture shi don kawai ya saɓa wa abin da ya tarar a littafin mazhabarsa. Hanyar da ya bi tana da hikima. Bai zagi limaman mazhaba ba. Ya ware wa kowane ɗaya daga cikin huɗun babi, Abu Hanifa da Malik da Shafi'i da Ahmad, ya tattaro abin da su da manyan almajiransu suka faɗa na hana a bi su ido rufe. Ya jingina sosai da Ibnu Abdil Barri, wanda shi ma Bamalike ne, da kuma Ibnul Ƙayyim. A cikin littafin ne ya kafa hujja da tafiyarsa ta ƙuruciya. Ya ambata cewa ya ratsa ƙasashe tun daga ƙarshen Magrib da ƙarshen Sudan har zuwa Haramaini, amma mutum uku kaɗai ya gani waɗanda in an yi musu tambaya suke komawa ga Alƙur'ani da sunna da maganganun sahabbai, kuma kowannensu a takure yake a garinsu, ana yi masa hassada. Sudan da yake nufi ba ƙasarmu ta yau kaɗai ba ce, a zamaninsu duk ƙasashen baƙar fata da ke kudu da hamada haka ake kiransu.

Maganar tana da zafi, kuma ni ɗalibi ina ganin akwai ɗacin rai a cikinta. Amma wanda ya faɗe ta ya biya kuɗinta da ƙafarsa. Sai da ya haddace littattafan Malikiyya a allo, ya durƙusa a gaban Adawi, sa'an nan ya buɗe baki. Saboda haka ɗan'uwana da bai sauke Ishmawi ba, kada ya ji wannan labari ya tashi gobe yana tambayar malam hujjar kowane layi da ɗaga murya.

Yana da wani littafin kuma, Ƙaɗfus Samar, inda ya jera isnadinsa, wato salsalar malaman da ya karɓi kowane littafi ta hanyarsu har zuwa ga mawallafinsa. An buga shi a Haidarabad ta Indiya a 1328 bayan Hijira. Malaman hadisi na Indiya sun riƙe Shehu Salihu da daraja ƙwarai, har Shehu Azimabadi, mai sharhin Sunan Abi Dawud da ake kira Aunul Ma'abud, ya lissafa shi tare da Murtala Azzabidi cikin mujaddadan ƙarninsu.

Sai dai a kan wannan isnadin ne aka yi masa suka mafi nauyi, kuma bai kamata in ɓoye ta ba. Malaman hadisi suna son isnadi maɗaukaki, ya'ani wanda mutanen da ke tsakaninka da mawallafi ba su da yawa. Isnadin Shehu Salihu ta hanyar ɗan Sinna gajere ne ƙwarai, domin an ce ɗan Sinna an haife shi a 1042 ya rasu a 1186, shekara 144 ke nan a duniya. Wannan ya sa mutane suka yi ta rububin ijazarsa. Amma wani malamin Maroko na ƙarnin da ya wuce, Shehu Ahmad Algumari, ya rubuta littafi guda yana cewa babu wani ɗan Sinna, tunda ba a san labarinsa ta wata hanya ba sai ta bakin Salihu. Wani babban malamin Maroko kuma, Shehu Abdulhayyi Alkattani mai Fihrisul Faharis, ya karɓi ruwayarsa ya yabe shi, kuma daga littafinsa ne aka fi sanin tafiyar da na ba ku labari. Ni ban kai in shiga tsakanin waɗannan manya ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, shekaru shidan da suka fi kowane lokaci amfani a rayuwarsa su ne kuma ba shi da mai yi masa shaida a kansu. Ya yi su yana yaro, baƙo, a wani lungu na sahel da marubutan Makka da Alƙahira ba su taɓa takawa ba. Da a garinsu ya yi karatun, da dangi da abokan allo sun ishe shi shaida. Wannan ma yana cikin abin da mai karatu a nesa yake biya. Don haka ku 'yan'uwana da kuka zo daga nesa, ku riƙe shahadarku da ijazarku da kyau, ku rubuta sunan malaminku da na malaminsa da ranar da kuka sauke kowane littafi, ku kuma riƙe zumuncin waɗanda kuka zauna tare da su a gaban malam.

Almajiransa sun bazu. Akwai Shehu Muhammadu Abid Assindi, wanda ya zama shugaban malaman Madina a bayansa. Akwai Shehu Abdurrahman Alkuzbari, muhaddisin Dimashƙa. Akwai kuma Shehu Muhammadul Hafiz Asshinƙiɗi, wanda ya zo Madina daga ƙasar da Salihu ya fara sauka yana ɗan shekara 12, ya ɗauki hadisi a wurinsa, ya koma gida. Shi ne kuma wanda ya kai ɗariƙar Tijjaniyya ƙasar Shinƙiɗi. Ke nan ƙasar da ta shayar da yaro baƙo nono ta aiko ɗanta ya yi karatu a gabansa.

Shi kansa dai bai koma ba. Duwatsun Futa da ya juya wa baya a 1178 bai sake ganinsu ba, mutanen gidansu kuma ganin ƙarshe da suka yi masa shi ne na yaro mai allo. Mu nan mun san irin wannan, tunda kakannin da yawa daga cikinmu da niyyar hajji suka fito daga Kano da Sakkwato da Katsina da Borno, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu kafin nan, wasu daga baya, suka yada zango a bakin Nilu da nufin su huta su wuce ko su koma, ga mu nan har yau. Tsararsa Shehu Usmanu shi ma ya yi tafiyar karatu har Agadas wajen Malam Jibrila ɗan Umar, amma da malamin ya nufi Makka sai Shehu ya juyo gida, saboda mahaifinsa bai ba shi izinin wannan tafiyar ba. Ɗaya ya koma ya karantar da mutanen ƙasarsa, ɗaya ya zauna a Madina ya karantar da mahajjatan duniya.

Shehu Salihu Alfullani ya rasu a Madina a shekara ta 1218 bayan Hijira, daidai da 1803, yana da shekara 52, bayan ya yi shekara 31 a garin. A ƙarshen wannan shekarar ta 1218 ne, cikin watan Zulƙida, Shehu Usmanu ya yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu. Allah ya jiƙansu da rahama, su da malamansu da iyayen da suka sallama su, amin.